Daga Kaduna zuwa Jidda awa nawa ne? Abin da gcmap da Flightradar24 ke iya faɗa maka, da abin da ba sa iyawa

Duk wanda ke da maniyyaci a gida, ko ɗan kasuwa mai zuwa Sin sarin kaya, ya san tambayar nan: awa nawa za a yi a sama? Ejan ya ce huɗu, wanda ya je bara ya ce kusan bakwai suka yi, tikiti kuma ya nuna takwas. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu, kowa abin da ya auna daban ne. Akwai shafuka biyu na intanet da ke raba wannan gardama idan an iya amfani da su. Na farko shi ne Great Circle Mapper, mai adireshin gcmap.com, na biyu kuma Flightradar24. Hukuncinmu tun daga farko shi ne: gcmap abin dogaro ne wajen nisa, amma kada a karɓi lokacin da ya bayar a matsayin lokacin tafiya. Lokaci na gaskiya a wurin Flightradar24 ake samunsa, shi ma da sharuɗɗansa.

Wani Ba'amurke mai suna Karl Swartz ne ya kafa gcmap tun 1996, kuma da ganin fuskar shafin za ka san ya kwana biyu. Babu ado, babu hotuna masu motsi. Wannan tsufar tasa alheri ce ga mai ƙaramar waya, domin ba ya cin data, kuma yana buɗewa ko sabis ya yi rauni. Kyauta ne, ba a neman rajista. Akwai wasu shafuka masu suna kusan iri ɗaya, don haka a kula da adireshin.

Aikinsa ɗaya ne: ya auna mafi gajeren layi tsakanin wurare biyu a bayan ƙasa. Tunda duniya a dunƙule take, layin ba ya fitowa a miƙe a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira. Ka kife ƙwarya, ka ja zare tsakanin ɗigo biyu a bayanta har ya ɗame, inda zaren ya kwanta shi ne layin da shafin ke aunawa. Babu jirgin da zai iya bin hanyar da ta fi wannan gajarta, saboda haka lambar da ya ba ka ita ce mafi ƙarancin nisa, ba matsakaici ba.

Ana rubuta filayen jirgi ne da lambobinsu na haruffa uku, da ƴar karan ɗori a tsakani. Kaduna KAD ce, Jidda JED, Madina MED, Abuja ABV, Kano KAN, Legas LOS. Idan ka rubuta KAD-JED zai zana layin ya ba ka nisa. Idan da ya da zango, sai ka jera su: KAD-ADD-JED, wato ta Addis Ababa, zai ba ka kowane zango daban da jimilla. Idan kana son kwatanta hanyoyi biyu ko uku a taswira ɗaya, ka raba su da waƙafi.

A nan kuskuren farko yake shiga, kuma mutanen arewa ya fi kamawa saboda lambobinmu sun yi kama da juna. Tsakanin KAD da KAN harafi ɗaya ne. Kano KAN ce, amma Gwanzu ta ƙasar Sin CAN ce, mai sauri sai ya rubuta wannan a madadin waccan. Wanda ya fi ruɗarwa shi ne na Katsina: lambar Kaduna mai haruffa huɗu, wadda matuƙa ke amfani da ita, DNKA ce, lambar Katsina mai haruffa uku kuma DKA. Ka manta harafi ɗaya, shafin ya kai ka filin Umaru Musa Ƴar'aduwa ba tare da ya ce maka komai ba, domin a wurinsa lambar daidai ce. Kullum ka karanta sunan filin da ya fito a teburin ƙasan taswirar kafin ka kwafi nisa.

Kuskure na biyu na ma'auni ne. Shafin da mil ɗin Amurka yake fara ba da amsa, sai ka shiga saiti ka mayar da shi kilomita. Kaduna zuwa Jidda kusan kilomita 3,600 ne. A mil ɗin ƙasa, mai kilomita 1.609, kusan 2,240 zai nuna. A mil ɗin teku, mai kilomita 1.852, wanda da shi ma'aikatan jirgi ke lissafi, kusan 1,945 ne. Wanda ya ɗauki 2,240 a matsayin kilomita ya raba da gudun jirgi zai fito da awa biyu da minti arba'in, ya sa mai tarba a Jidda ya fito tun da sauran dare.

Ga sauran lambobin da mutumin Kaduna ya fi buƙata, duka a kilomita kuma a taƙaice: zuwa Madina 3,750, zuwa Legas 635, zuwa Kano 200, zuwa Abuja 190, zuwa Alƙahira 3,300, zuwa Addis Ababa 3,450, zuwa Gwanzu kai tsaye 11,100.

Yanzu batun lokaci, inda shafin ke da rauni. Yana da gurbin da za ka saka gudun jirgi, sai ya raba nisa da gudun ya ba ka awoyi. Lissafin makaranta ne kawai. Manyan jiragen fasinja idan sun daidaita a sama suna gudun kilomita 830 zuwa 900 a awa. Ka saka 850 a kan KAD-JED, za ka samu awa 4 da minti 14. Wannan lamba ta ɗauka cewa jirgin ya bar ƙasa da cikakken gudunsa, ya kuma sauka da shi, wanda ba ya faruwa. Hawa yana cin minti 20 zuwa 25 a gudun da bai kai na sama ba. Sauka tana farawa tun saura kusan kilomita 200, ana rage gudu a hankali, sannan a zagaya a fuskanci titin sauka ta ɓangaren da iska ta yarda. Ga tafiyar ƙasa daga inda aka ɗauki fasinja zuwa bakin titi, da jiran izini. Dabarar da ta fi kusa da gaskiya ita ce ka ƙara kashi 5 cikin 100 a kan nisan, saboda jirage hanyoyin sama da aka shata suke bi ba layin zare ba, ka raba da 850, sannan ka ɗora minti 30. Da wannan Kaduna zuwa Jidda ta doshi awa 5, idan hanya a buɗe take.

A gajeriyar tafiya wannan ƙarin ya fi fitowa fili. Kaduna zuwa Legas a lissafin shafin minti 45 ne, amma kusan rabin tafiyar hawa ce da sauka, shi ya sa jadawali ke haura awa ɗaya.

Babban abin da gcmap bai sani ba shi ne siyasa da yaƙi. Ka dubi layin KAD-JED a taswirar: ya bi ta wajen tafkin Chadi, ya ratsa tsakiyar Chadi, ya keta arewacin Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, kuma jigilar alhazan wannan shekara da zagaye aka yi ta, har kamfanonin jirage suka nemi ƙarin kuɗin kujera saboda ƙarin mai. Shafin bai daina zana layinsa ta kan Sudan ba, domin shi ƙasa yake aunawa. Haka aka yi a watan Agusta 2023 lokacin da Nijar ta rufe nata sararin bayan juyin mulki: jiragen da ke tsakanin Najeriya da Turai suka koma zagaye, taswirar ba ta motsa ba.

Amma ana iya sa shi ya ƙiyasta zagayen, kuma wannan ne amfaninsa da mutane ba su cika lura da shi ba. Ka saka wani fili a tsakiya a matsayin kwana, ko da jirgin ba zai sauka can ba. KAD-CAI-JED, wato zagaye ta arewa ta kan Masar, yana ba da kusan kilomita 4,500. KAD-ADD-JED, ta kudu ta kan Habasha, kusan 4,870. A kan gudun 850 da ƙarin rabin awa, na farko ya kusa awa 6, na biyu awa 6 da kwata, kuma hanyar kudu ta gaskiya tana iya fin haka idan an ƙara nisanta daga iyaka. Ka ga wanda ya ce huɗu da wani abu yana maganar hanyar da aka saba ne kafin yaƙi, wanda ya ce kusan bakwai kuma abin da ya zauna a kujera ya gani yake faɗa.

Wannan ba lissafin son sani ba ne kawai ga maniyyaci. Awa biyu ƙari na nufin dattijo mai ciwon suga ya shirya abincinsa da maganinsa a jakar hannu, ba a babbar jaka ba. Yana nufin wata salla za ta riske shi a sama. Ga wanda Jidda za a sauke shi kuma zai wuce Makka kai tsaye, ɓangaren da jirgi ya ɓullo, ta arewa ko ta kudu, shi ke nuna miƙatin da zai yi daidai da shi, Juhfa ko Yalamlam. Wannan hukunci ne na malaman bita, kuma matuƙi yakan sanar, amma sanin hanyar yana sa mutum ya kintsa da wuri. Wanda aka fara kaiwa Madina ba shi da wannan damuwa, a Zulhulaifa zai ɗaura harami.

Na takwas ɗin da tikiti ya nuna fa? Agogo ne. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da abin ya faru ne. Saudiyya na gaban Najeriya da awa 2. Jirgi ya tashi Kaduna ƙarfe 10 na dare, ya yi awa 6, zai sauka 4 na asuba a agogonmu, 6 na safe a nasu, sai mai kallon tikiti ya ƙirga takwas. A dawowa abin ya juye: ya tashi Jidda 10 na safe, ya sauka Kaduna 2 na rana, kamar awa huɗu aka yi. Habasha ma awa 2 take gabanmu, Dubai 3, Sin 7. Masar ita ce mai wahala, domin tun 2023 ta dawo da sauya agogo a lokacin zafi, wani lokaci awa 1 ce tsakaninmu wani lokaci 2.

Iska ma shafin bai san da ita ba. Misalin da ya fi fito da wannan yana can nesa da mu. Filin Mataveri da ke tsibirin Ista a tekun Pasifik, mai lamba IPC, ana lissafa shi a matsayin filin jirgin fasinja mafi kaɗaici a duniya. Daga Santiyago ta ƙasar Chile, SCL, kusan kilomita 3,760 ne, wato daidai da Kaduna zuwa Madina. Ka rubuta KAD-MED,SCL-IPC ka ga lambobin kusa da kusa. Zuwa tsibirin yana haura awa 5, dawowa ba ta kai 5 ba, alhali nisan ɗaya ne, saboda iskar sama a can daga yamma take kaɗawa. A namu yankin abin yana bin yanayi. Da hunturu akwai iska mai ƙarfi daga yamma a saman Masar da arewacin Saudiyya, tana tura mai zuwa gabas. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, iskar can sama a kan yankin Sahel daga gabas take, sai mai dawowa gida ya fi samun sauƙi. Yanayin da Hajji ta faɗo a cikinsa, hunturu ko damina, yana da tasiri ke nan ko a kan mintocin tafiya.

Wannan misali na tsibiri yana nuna wani abu da gcmap ya ƙware a kai fiye da kowane shafi na kyauta da muka sani. Jirgi mai inji biyu ba a barinsa ya yi nesa da filin da zai iya sauka idan inji ɗaya ya mutu. Asalin ƙa'idar minti 60 ce, aka faɗaɗa ta zuwa 120 a 1985, sannan 180 a 1988 ga jiragen da suka cika sharuɗɗa. Shafin yana iya shafa duhu a kan wuraren da suka wuce wannan iyaka. A hanyar tsibirin Ista babu inda za a raɓa sai ruwa. A hanyarmu akwai Maiduguri da Njamena a farkon tafiya, amma rufe filin Khartum a 2023 ya cire babban wurin raɓawa a tsakiya. Ana kuma iya rubuta 2000nm@KAD, ya zana da'irar duk inda jirgi mai cin mil ɗin teku 2,000 zai kai daga Kaduna. Ga ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya wannan abin wasa ne mai ilimantarwa, ga fasinja kuwa ba dole ba ne.

Ɗan kasuwa mai zuwa Gwanzu zai ƙaru da abu ɗaya. Daga Abuja, ta Doha jimillar kusan kilomita 11,200 ce, kuma Doha ta faɗo kusan a kan layin zaren, ba a yi asarar komai ba. Ta Addis Ababa 11,500, ta Istanbul kusan 12,050. Bambancin mafi gajarta da mafi tsawo kusan awa ɗaya ne a sama. Ashe ba nisa ya kamata ya zaɓar maka tikiti ba, tsawon jiran sauya jirgi ne da nauyin kayan da aka yarda ka ɗauka. Jiran awa 9 a zango ya cinye duk ribar gajeriyar hanya. Jiran da bai kai awa 2 ba kuma haɗari ne, musamman idan tikiti biyu daban ka saya, domin idan na farko ya makara kamfani na biyu ba ruwansa.

Flightradar24 shi ne ke cike giɓin. Kamfanin ƙasar Suwidin ne, yana tattara saƙon da jirage ke watsawa na inda suke, ta na'urorin da masu sa kai suka kafa a faɗin duniya, da kuma tauraron ɗan'adam. Ka rubuta lambar tafiyar da ke tikitinka, zai jero maka kwanakin baya: lokacin da aka tsara tashi, lokacin da aka tashi da gaske, tsawon zama a sama, da lokacin sauka. Ka danna kowace rana ka ga ainihin hanyar da aka bi, har zagayen. Na kyauta mako ɗaya baya yake nunawa, wanda ya ishi fasinja. Mai son watanni sai ya biya. Kada ka dubi rana ɗaya, ka dubi duka bakwai ɗin ka ɗauki wanda ya fi yawaita, sannan ka lura da mafi tsawo.

Abu biyu za a kiyaye. Tsawon da yake nunawa daga barin ƙasa ne zuwa taɓa ƙasa, na tikiti kuwa daga janye jirgi a wurin lodi zuwa tsayawarsa, don haka na tikiti yakan fi da minti 20 zuwa 30. Na biyu, a saman hamadar Chadi da Nijar da Libiya na'urorin ƙasa ba su da yawa. Jirgi yana iya ɓacewa daga allo, ko a ci gaba da nuna shi bisa ƙiyasi da layi mai tsinke-tsinke. Iyalan da ke bibiyar Hajiya a waya su san da wannan tun kafin ta tashi, don kada hankali ya tashi a banza da tsakar dare. Manhajar tana cin data sosai idan aka bar taswirar a buɗe, kuma ta kyauta cike take da talla.

Ga Kaduna akwai matsala ta musamman. Filinmu yana da titi mai tsawon mita 3,000, kuma a 2017 shi ya karɓi jiragen Abuja na mako shida lokacin gyaran titinta, amma jiragen ƙasashen waje masu jadawalin yau da kullum ba su da yawa a nan. Jiragen alhazai na haya ne, lambar tafiyarsu tana sauyawa, wani lokaci sai a sansanin alhazai na Mando ake jin ta. Mafita biyu ce. Ko ka nemi KAD a manhajar ka buɗe jerin masu tashi da masu sauka, ko ka bi jirgin da lambar da ke jikinsa, ta Najeriya da 5N take farawa, ta Saudiyya da HZ. Idan kuma ƙiyasi kake so tun kafin a fara jigila, ka duba jirgin Kano ko na Abuja zuwa Jidda a makon. Kano ta fi mu kusa da Jidda da kusan kilomita 180, wato ka ƙara kwata ɗin awa. Abuja ta fi mu nisa da kusan 90, ka rage ƴan mintoci.

Duka shafukan biyu da Turanci suke, babu Hausa, kuma babu wanda zai gaya maka abin da zai faru kafin jirgi ya ɗaga. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana rage gani a filin Kaduna har a jinkirta sauka ko a karkatar da jirgi, kuma jirgin da bai sauka ba ba zai ɗauke ka ba. Da damina hadarin yamma ne ke riƙe jirage. Wanda zai kama jirgin waje a Abuja ya lissafa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, da wucewa daga Idu zuwa filin jirgi, da awa 3 na tantancewa, kuma ya fi aminci ya kwana Abuja idan tashin na safe ne. Filin Kaduna kansa kusan kilomita 22 yake daga cikin gari, mai fitowa daga Barnawa ko Sabon Tasha ya ƙara lokacin cunkoson Kawo da Mando a lissafinsa.